Dan Allah a taimaka, manja ya ɓata farar shaddar Abban Affan

Maman Affan: Assalamu alaikum 'yan gida, masu dabara ku fito dan Allah yau kam na shiga uku. Farar shaddar maigida ce, Getzner, shekaranjiya ƙaninsa ya karɓo daga wajen tela, babbar riga da 'yar ciki da wando, ita zai sa ranar Asabar ɗaurin auren ƙanwarsu. Na ciro ta daga leda na shimfiɗa a gado in ga aikin, na leƙa kicin in duba ruwan zafi, wlh ko minti uku banyi ba, ashe Affan ya baro kwanon garau-garau ɗinsa a falo ya shige ɗakin. Ina dawowa na tarar da yatsu biyar ras na manja a ƙirjin rigar dab da aiki, har da shatin tafin hannun. A rikice na jiƙa tishu na hau gogewa sai abin ya ƙara faɗi, yanzu ya kai murfin kofi ga wani ruwan ɗorawa ya zagaye shi. Shi yana Bauchi sai Alhamis zai dawo, bai sani ba. Ruwan zafin yana nan kan wuta, in kwara ne ko in sa Hypo?

Ummu Sudais: Subhanallahi, sannu 'yar uwa. Ki sa Hypo kawai, ba fara ba ce? Ni duk fararen kayan gidana da shi nake yi kuma tas suke fita.

Gwauron Bauchi Road: Ki haɗa kayanki ki tafi gida kafin Alhamis, shi ne kawai maganin da na sani 😂

Maman Hanifa: Kai dai Allah ya shirye ka, mutum na cikin tashin hankali kana wasa. Maman Affan kisa kalanzir kaɗan a wurin, haka Innarmu take yi.

Mai Wanki na Gangare: Hajiya tsaya tukuna. Ruwan zafin nan ki sauke ki haɗa shayi ki sha hankalinki ya kwanta, kar ya taɓa rigar. Bilic ma ajiye shi, kalanzir ma ajiye shi. Shekarata ashirin da wani abu ina wanki da guga, abin da ya fi ɓata kaya ba tabon ba ne, gaggawar mai kayan ce. Ki samu farin tawul mai tsabta ki sa a ƙarƙashin wurin ta ciki, don kar man ya ratsa ya kama bayan rigar. Sai ki zazzaga hoda a kai, ta jarirai ɗin nan, ko garin sitaci busasshe, ko ki daka allin makaranta, ki tula da yawa har ki daina ganin jan, ki ɗan danna da bayan cokali, kar ki murza. Ki bar shi ya kwana. Da safe ki kakkaɓe za ki ga garin ya koma ruwan ɗorawa, man ya sha kenan. Daga nan sai sabulun wanke-wanke na ruwa, irin su Morning Fresh, ɗigo uku ko huɗu, ki shafa da kan yatsa a hankali daga gefe ki yo tsakiya, ki ba shi kamar minti goma sha biyar, ki juya rigar ki zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi ta baya yadda zai turo man waje ta inda ya shiga. Sai shanya a rana. In ya bushe da saura ki sake. Abu ɗaya nake roƙonki, dutsen guga kar ya hau wurin nan sai kin tabbata ba komai, in guga ya hau maiƙo to ya zama ɗan gida.

Ummu Sudais: To Malam me Hypo zai yi mata? Ba don fararen kaya aka yi shi ba? Ku masu wanki kun fiye ja wa abu rai don a kawo muku.

Mai Wanki na Gangare: Hajiya ai ban ce ta kawo min ba, a gida na ce ta yi. Bilic launi yake ci, ba ya cire mai. Jan zai dushe ki ɗauka an gama, maiƙon na nan, ana sa rigar sau biyu ƙura ta manne a wurin ya dawo toka-toka. Sannan ta ce dab da aiki ne, kin san da wane zare aka yi aikin? Wani zaren yana jin bilic zai canza, ki ga farar riga da aiki kalar ƙwai. Tawul da zanin gado da singileti, wannan ki sa abinki in kin tsarma shi da ruwa. Shaddar da aka sa kuɗi masu nauyi a kai kuma a'a.

Ticha Bukuru: Ni kimiyya nake koyarwa a sakandare, kuma abin da mai wanki ya faɗa daidai ne. Tabon manja abu biyu ne a haɗe, akwai man akwai launin. Man ba ya shiri da ruwa, shi ya sa da kika sa jiƙaƙƙen tishu tura shi kawai kika yi ya bazu. Sabulun wanke-wanke kuwa don ya kama maiƙo ya haɗa shi da ruwa aka yi shi. Launin kuma sunansa karotin, shi ne dai yake ba karas kalarsa, kuma ba ya jure zafi da haske. Ku mata kun fi ni sani, in kun bar manja a wuta ya daɗe ba fari yake yi ba? To rana ma haka take masa, a hankali. Ranar Jos ko ana sanyi tana da ƙarfi, muna kan tudu sama da mita 1,200, kar ki ga iska na kaɗawa ki ce ba rana.

Maman Affan: Allah ya saka da alheri, na tula hodar Affan ɗin, shi ya ɓata hodarsa za ta biya. Amma kalanzir ɗin fa da Maman Hanifa ta ce?

Bakanike Farin Gada: Kalanzir namu ne na baƙin mai da giris, shi ma a kan kakin aiki ba kayan fita ba. Yana narkar da shi ba ƙarya, amma shi kansa mai ne, sai ka sake wankewa da omo sau biyu kafin warin ya tafi, wani lokacin ya bar nasa zoben. Angon ƙanwa ya shiga taro yana warin risho ai ba daɗi. Fetur kuma ko da wasa, akwai yaron shagonmu da ya jiƙa wando da fetur a roba kusa da mai shayi, Allah ne ya tsare da labarin ya bambanta.

Gwauron Bauchi Road: Wai angon ƙanwa 😂 yayan amarya dai oga.

Alhaji Sabon Layi: Ni tambayata ɗaya, me ya kai ki fito da rigar tun farko? Mata ba ku iya ganin leda a rufe. Kuma maimakon ki kira mijinki ki faɗa masa kin zo nan kina tara jama'a.

Maman Hanifa: Toh fa, an zo wurin. Alhaji ita ta ce a koya mata cire manja, ba ta ce a yi mata wa'azi ba. Wanda bai taɓa rainon ɗan shekara biyu ba ne zai yi wannan maganar, ko a saman sif ka ɗora abu sai ya san yadda ya yi.

Ummu Sudais: Kuma da ba ta duba ba sai ranar Asabar a ga tela ya yi shirme, nan ma a ce me ya sa ba ta duba ba. Mace dai ba ta fita.

Alhaji Sabon Layi: Ni ban zagi kowa ba, gaskiya na faɗa.

Admin: Jama'a a dawo kan wanki dan Allah. Alhaji an ji, a bar shi haka.

Hajiya Babba Nasarawa: 'Yata ki kwantar da hankalinki, manja mai sauƙi ne, na gode Allah ba goro ba ne. Marigayi Malam, Allah ya jiƙansa, ba ya rabuwa da goro, duk gaban rigunansa ɗigo-ɗigo ja, shekara talatin da ɗoriya ina fama ban taɓa cin galaba a kan wanda ya kwana biyu ba. In na kama shi a take na zuba ruwan sanyi na matsa lemon tsami yakan fita, in ya bushe kuwa sai dai a yi ta sa wa a haka. Har cewa nake masa ya dinga ɗinka ruwan goro kawai mu huta. Ɗana mai wanki, ku kuna da maganinsa?

Mai Wanki na Gangare: Allah ya gafarta wa Baba. Hajiya gaskiya tsohon goro ni ma yana kayar da ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai in rage shi. In aka kawo min ina faɗa wa mai kaya tun a gabansa kar a zo ana rigima.

Ticha Bukuru: Amin. Goro da shayi da kofi duk dangi ne, akwai wani sinadari a cikinsu, tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata da ita. Kusan rini ne, shi ya sa yake kama auduga haka. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko sabulun sanda a goga, shi kuma yana iya ƙara zaunar da shi. Ruwa da yawa a take, sai omo ko sabulun ruwa. Wanda ya tsufa a gwada gilisarin na kemis, a shafa a bar shi ya yi awa ɗaya ya tausasa kafin a wanke. Zoɓo ma a take ake binsa da ruwa, kar a ce sai an dawo daga biki.

Nas ɗin Unguwa: Tunda an buɗe babin bari in sa nawa, jini. Dan Allah mata ku daina zuba wa jini ruwan zafi. Na san da sanyin Jos ba mai son sa hannu a ruwan sanyi da asuba, amma zafi dafa jinin yake kamar yadda ƙwai ke daskarewa a tukunya, in ya dahu a cikin zare shikenan. Ruwan sanyi, a jiƙa, a cuɗa da sabulu, in ya ƙi a ɗiga haidurojin ɗin nan na wanke ciwo, za ki ga yana kumfa yana tsuwa, ki goge ki ɗauraye. Farin yunifom ɗina da shi nake yi kullum. Amma a kaya masu kala ki fara gwadawa ta cikin lafin ƙasa inda ba a gani, yana iya koɗar da shi. Haka madara da ƙwai da tumbuɗin jariri, duk ruwan sanyi ne farko.

Ummu Sudais: Sista in an wanke an wanke shatin bai fita ba fa, ana salla da kayan?

Hajiya Babba Nasarawa: Abin da muka koya a islamiyya, in kin wanke iya ƙoƙarinki jinin ya tafi, launin da ya ƙi fita ba ya hana salla. Amma ki ƙara tambayar malaminku.

Mama Ladi Tudun Wada: Sannunku da hira, Maman Affan Allah ya sa ya fita. Ni tawa matsalar ruwan rijiyarmu ne. In kin ɗebo shi garau kamar na leda, ki bar shi a bokiti zuwa yamma sai ya yi ja-ja har da wani abu kwance a ƙasa. Fararen rigunan makarantar yarana duk sun koma kalar shayi da madara. Ran nan na ce yau sai na ga ƙarshensu, na zuba bilic mai yawa na jiƙa su suka kwana, da safe na zo na tarar sun fi da muni, har da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Na zauna bakin rijiya kamar in yi kuka, ga farar rigar kwaya ta babbar a ciki kuma ranar Lahadi suna da waƙa a coci.

Ticha Bukuru: Mama ƙarfe ne a ruwanku, narkakke, ido ba ya ganinsa sai ya sha iska ya zama tsatsa, shi ne jan da kike gani da yamma. Bilic kuma abin da iska za ta yi a wuni shi a take yake yi, wato da hannunki kika mayar da ƙarfen tsatsa a cikin zaren rigar. Tsatsa ba a kai mata bilic ko kaɗan, tsami take tsoro. Ki matse lemon tsami a wurin ki barbaɗa gishiri ki shanya a rana, ya bushe ki ɗauraye ki sake. In duk rigar ce ki jiƙa a ruwan da kika matsa lemon da yawa ko farin binega. Na gaba kuma ki dinga tara ruwan wanki a duro ya kwana biyu a buɗe, ki tsiyaye na sama ki bar na ƙasan, ko ki tari ruwan sama tunda Allah ya hore mana shi daga Afrilu har Oktoba. Irin wannan ne ma tabon da wayar shanya mai tsatsa ko hanga ta ƙarfe ke bari a kafaɗa.

Mama Ladi Tudun Wada: Kai Ticha Allah ya yi maka albarka, shekara nawa ina zagin omo ashe ba ruwansa.

Maman Hanifa: To safar makaranta fa? Jar ƙasar nan tamu in yaro ya dawo da damina kamar ya yi kwaɓa da ƙafa.

Mai Wanki na Gangare: Kar ki jefa ta a ruwa da taɓon a jiki, rini kike haɗawa. Bari ta bushe ƙarau, ki bubbuga a bango, ki bi da busasshen burushi, sannan ki jiƙa a ruwan omo ta kwana. Jan ƙasar ma dangin tsatsa ne inji su Ticha, bilic ba ya masa komai sai dai ya kashe robar safar ta saki. Ni dai shawarata ki sayi guda shida ki haƙura, farar safa a Jos ba ta shekara.

Amaryar Anglo: Ni fa haɗawa nake, bilic da ruwan wanke masai ɗin nan mai kauri, in na jiƙa tawul a ciki fari ƙal yake fitowa. Sai dai warin akwai hawa kai.

Nas ɗin Unguwa: Innalillahi! Ki daina daga yau dan girman Allah. Wannan warin da kike ji guba ce. Mun taɓa karɓar wata da ta yi haka a banɗaki ta rufe ƙofa, aka kawo ta tana tari ido jawur numfashi na sarƙewa.

Ticha Bukuru: Ƙanwata wannan ba wasa ba ne. Yawancin ruwan wanke masai asid ne, in ya haɗu da bilic iskar kulorin ce ke tashi, ita ce aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na farko a 1915. Kuma tunda na ambaci lemon tsami da binega a sama bari in gyara kar a fahimce ni a karkace, su ma ba a haɗa su da bilic, ko a bokiti ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya ba a ɗauraye ba. Bilic da ruwa kawai, a wuri mai iska. Kar kuma a juye shi a gorar lemo a ajiye inda yara ke kai hannu.

Amaryar Anglo: Na shiga uku, wlh ban sani ba, wata takwas ina yi. Na daina.

Ɗan Katako: Mu 'yan gwanjo mu muka san tabo, dila ɗaya sai ka ga iri goma. Abin da zan ƙara, suwaita ta ulu da jaket da muke sayarwa lokacin hunturu kar a kai musu bilic, cinye ulu yake, siliki ma haka, za ki ɗago ki ga rami. Ruwan zafi kuma tsuke ta yake ta koma ta ɗan firamare. Sai fumfuna, watan Agusta in aka jera kwana huɗu ba rana mutane su ninke kaya da danshi su tura a akwati, baƙin ɗigo-ɗigon nan in ya daɗe ba ya fita duka, gara ki shanya a ɗaki ki kunna fanka in da wuta. Cingam kuma ƙanƙara za ki ɗora ya daskare ki kankare da bayan wuƙa. Wallahi rigar da na saya da arha saboda cingam na sha cin ribarta.

Gwauron Bauchi Road: Yanzu da gaske nake, biro ya fashe min a aljihun farin kaftani, shi kenan min na Juma'a.

Nas ɗin Unguwa: Sifirit na kemis ko sanitaiza. Ka sa tsumma a ƙarƙashi, ka ɗiga, ka dinga dannawa da auduga kana canza wuri a tsumman yana shanye tawadar, kar ka dirza. In ta daina fita sai ka wanke. Ka kuma yi aure.

Gwauron Bauchi Road: Sista bayan abin da na gani Affan ya yi? A bar ni da birona.

Maman Affan: Barkanmu da rana, na zo da rahoto. Da safe na kakkaɓe hodar ta zama kalar kabewa wlh, na yi na sabulun wanke-wanke sau biyu kamar yadda Malam ya ce, na shanya tun ƙarfe tara ina zaune ina gadinta kamar mai gadin shanyar gero saboda kajin maƙota. Zuwa azahar jan ya tafi, saura wata inuwa in ka ɗaga ta a haske. Amma ga sabuwar matsala, wurin da ruwa ya taɓa ya mutu, ba ya ƙyalli kamar sauran jikin, kuma ya yi zobe.

Mai Wanki na Gangare: Madalla. Inuwar ki ƙara yi sau ɗaya gobe da safe ki ba ta rana. Zoben kuma dole ne, sabuwar shadda akwai abin da aka sa mata a kamfani take sheƙi, ruwa ya taɓa gefe guda dole a ga bambanci. Ki tsoma rigar gaba ɗaya a ruwan sanyi zalla, ba omo, kar ki cuɗa kar ki murɗe, ki ɗaga ta tsane a hanga ta roba. Har 'yar cikin da wandon ki tsoma don su zo ɗaya. Sai ki kai wa 'yan bugu su sa sitaci kaɗan su buga, ƙyallin zai taso. Ki ce musu su bi aikin a hankali. In kin kai Alhamis da rana Juma'a da yamma kin karɓa.

Ummu Sudais: To na sallama, amma tawul ɗina ba mai raba ni da Hypo.

Alhaji Sabon Layi: Ai da 'yan bugun da komai sai ya gane an wanke. Ku dai faɗa masa.

Maman Affan: Alhaji ka huta, an riga ka. Ya dawo ɗazu da la'asar, ina ta shirya yadda zan fara, yana ajiye jaka Affan ya kama hannunsa ya ja shi har bakin gado yana nuna wurin yana cewa “Abba, manja, riga, Mama kuka”. Haka na zayyana masa komai. Ya yi shiru can ya ce ina rigar, na ce tana wajen bugu, ya ce nawa, na faɗa, ya ce a cikin kuɗin ankona zai cire.

Maman Hanifa: 😂😂 Affan ɗan jarida. Ki turo mana hoton ranar Asabar mu ga ƙirjin rigar.

Hajiya Babba Nasarawa: Allah ya sanya alheri a auren. Ki ce masa in an raba goro ya sa a aljihun wando, kar ya ɓare a wurin.

Mama Ladi Tudun Wada: Ticha lemon ya yi aiki a riga biyu, ta kwayar ce har yanzu da saura a wuya. In ƙara gishirin ne ko in bar ta ta ƙara shan rana?